Yadda Ake Shirya Ziyarar El Salvador, Ƙasar Duwatsu Masu Aman Wuta

El Salvador ita ce ƙasa mafi ƙanƙanta a Amurka ta Tsakiya. Faɗinta murabba'in kilomita 21,000 ne da 'yan kai, wato da kaɗan ta ɗara jihar Kano, mutanenta kuma wajen miliyan 6 ne. Guatemala na yamma da ita, Honduras ta kewaye ta ta arewa da gabas, tekun Pasifik kuma ya shimfiɗe ta kudu. Wannan ƙanƙantar ce take yaudarar baƙo, domin idan ya ji cewa zai iya karya kumallo a gonar kofi a kan tsauni ya kuma ci abincin rana a bakin teku, sai ya ɗauka kwana uku sun ishe shi ya gama da ƙasar. Motar za ta kai shi, babu shakka, amma zai dawo da hotuna ne kawai. A ganina, wanda yake son ya fahimci mutanen nan dole ya bi sawun abubuwa uku da suka gina rayuwarsu: tokar duwatsu masu aman wuta, noman baba da kofi, da kuma yaƙin basasar da har yanzu waɗanda suka gan shi suna raye. A kan haka na tsara wannan jagora, kuma na ƙiyasta ta a kan kwana goma zuwa goma sha biyu.

Mataki na farko: takardu da hanyar jirgi

Mai ɗauke da fasfo na Najeriya, da ma mafi yawan ƙasashen Afirka, yana buƙatar biza kafin ya taso, don haka a fara da tuntuɓar ofishin jakadancin El Salvador mafi kusa tun da sauran watanni, kafin a biya kuɗin tikiti. Akwai yarjejeniya da ake kira CA-4 tsakanin El Salvador da Guatemala da Honduras da Nicaragua, wadda ta sauƙaƙa zirga-zirga a tsakaninsu, saboda haka wanda yake da niyyar tsallakawa Guatemala ya tambayi jami'in biza ƙarara ko takardarsa ta ba shi wannan dama, da kuma yadda ake ƙirga kwanakinsa. Katin rigakafin shawara ma wajibi ne ga wanda ya fito daga ƙasar da cutar take, kuma ana so a yi allurar aƙalla kwana 10 kafin tafiya.

Abin da ya fi cin mutane shi ne hanyar da jirgi zai bi. Babu jirgin da yake tashi kai tsaye daga Afirka ta Yamma zuwa San Salvador, dole sai an yada zango. Wanda ya bi ta Amurka sai yana da bizar Amurka, ko da awa biyu kawai zai yi a filin jirgi. Wanda ya bi ta Madrid, idan ɗan Najeriya ne ko Ghana, yana buƙatar bizar yada zango ta Turai. Akwai kuma hanyar Istanbul zuwa Panama ko Bogota, sannan a sake jirgi zuwa San Salvador. Wani abin da ya kamata kowane Bahaushe ya sani shi ne, a watan Oktoba na 2023 hukumar filayen jiragen El Salvador ta sanya kuɗi dala 1,000, ban da haraji, a kan fasinjoji masu fasfo na ƙasashen Afirka da Indiya da suke yada zango a filin jirginta, a lokacin da ake fama da kwararar masu neman shiga Amurka ta ƙasa. Don haka ka nemi kamfanin jirgin ya rubuta maka duk kuɗin da zai hau kanka bisa fasfonka da irin tikitinka, kuma ka riƙe shaidar masaukinka da tikitin komawarka a hannu, domin za a tambaye ka su.

Mataki na biyu: zaɓen lokaci

San Salvador tana kusan layi ɗaya da Yamai da Damagaram a nisa daga tsakiyar duniya, kuma shekararsu ma kashi biyu ce kamar tamu: rani daga Nuwamba zuwa Afrilu, damina daga Mayu zuwa Oktoba. Agogonsu yana bayan na Najeriya da Nijar da awa 7. Mafi kyawun lokaci shi ne daga tsakiyar Nuwamba zuwa Janairu, domin ruwa ya ɗauke amma tsaunuka suna nan kore shar, sama ta washe, kuma lokacin tsinkar kofi ne.

Wanda kuma bukukuwa ne suka kawo shi, sai ya duba kalanda. A makon farko na Agusta babban birni yake bikin “Mai Ceton Duniya”, wato laƙabin Yesu da ƙasar ta samo sunanta daga gare shi, inda ake babban jerin gwano ranar 5 ga wata. Ranar 31 ga Agusta matasan garin Nejapa suke fentin fuska su yi ta jifan juna da ƙwallayen tsumma masu cin wuta, don tunawa da aman wutar da ya tashi garinsu a ƙarni na 17. Daren 7 ga Satumba kuwa garin Ahuachapán yake cika da dubban 'yan fitilu masu launi. Ranar 15 ga Satumba ita ce ranar samun 'yanci daga Sifaniya a 1821. A makon Ista ana shimfiɗa zane-zane na gishiri da garin katako masu launi a kan titunan Sonsonate, sai dai a wannan makon kowa yana hutu, masaukai sun cika, bakin teku kuma babu masaka tsinke.

Mataki na uku: kuɗi, lafiya da tsaro

Tun 2001 dalar Amurka ce kuɗin ƙasar. Ka tanadi ƙananan takardu na dala 1 da 5 da 10, domin mai sayar da abinci a bakin hanya ba za ta sami canjin dala 50 ba, kuma za ka ji suna cewa “cora”, suna nufin kwabon santi 25, wato rubu'in dala. A 2021 ƙasar ta yi suna a duniya da ta halatta Bitcoin a matsayin kuɗin hukuma, amma a farkon 2025 an gyara dokar, karɓarsa ya zama ganin dama, kuma a kasuwa tsabar kuɗi ce take aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2021 cewa ƙasar ta rabu da zazzaɓin cizon sauro, amma zazzaɓin dengi yana nan, musamman da damina, saboda haka maganin shafawa na sauro ba abin bari ba ne. A sha ruwan gora, kada a sha na famfo. Wutar lantarkinsu irin ta Amurka ce mai ƙarfin 120, don haka a zo da mahaɗin soket.

Maganar tsaro tana buƙatar a faɗe ta da fuskokinta biyu. A 2015 an kashe mutane sama da 6,000 a wannan 'yar ƙaramar ƙasa, kuma gungun 'yan daba na MS-13 da Barrio 18 su ne suke yanke hukuncin wanda zai shiga unguwa da wanda zai biya kuɗin fansa kafin ya buɗe shagonsa. Tun watan Maris na 2022 gwamnatin Shugaba Nayib Bukele ta kafa dokar ta-ɓaci, aka kama mutane sama da 80,000, kisan kai ya faɗi ƙasa warwas, har mutane suka koma zama a dandali da daddare. A ɗaya ɓangaren kuma, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam irin su Amnesty International da Human Rights Watch sun rubuta rahotanni kan kama waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, da tsarewa ba tare da shari'a ba, da mace-mace a gidajen yari. Abin da wannan yake nufi ga baƙo shi ne ya riƙa yawo da shaidar fasfonsa, ya bi umarnin soja da ɗan sanda ba tare da gardama ba, kada ya ɗauki hoton shingen bincike, kuma ya sani tsarin mulkin ƙasar ya hana baƙi tsoma baki a siyasar cikin gida. Idan ɗan ƙasa ya buɗe maka zuciyarsa a kan wannan batu, ka saurara da kyau, domin za ka iya haɗuwa da wanda 'yan daba suka kashe wa ɗa, ka kuma haɗu da wadda ɗanta yake tsare shekara da shekaru ba ta san halin da yake ciki ba.

Mataki na huɗu: koyi cin pupusa tun daren farko

Babu abin da yake haɗa mutanen El Salvador kamar pupusa. Da yamma za ka ji sautinta kafin ka gan ta, wato tafin hannun mata suna fyaɗa ƙullu. Mai yin ta takan shafa ɗan mai a tafin hannu, ta gutsuro curin ƙullun masara kamar girman lemon zaƙi, ta lotsa tsakiyarsa da yatsa ya zama ƙoƙo, ta cusa cuku da niƙaƙƙen wake, ta rufe bakin, sannan ta yi ta juya shi tsakanin hannayenta har ya baje ya zama faifai. Daga nan sai kan faffaɗan kasko mai zafi da suke kira comal, inda cukun yake tsattsafowa ta gefe ya ƙone ya yi ɓawon da kowa yake so. Ana kawo ta da curtido, wato yankakken kabeji da karas da albasa da aka jiƙa a ruwan tsami, da kuma miyar tumatir mai ruwa-ruwa. Da hannu ake ci, kamar yadda muke cin tuwo, kuma neman cokali mai yatsu alama ce ta baƙunta. A 2005 majalisar ƙasar ta ayyana ta a matsayin abincin ƙasa, ta kuma ware mata Lahadi ta biyu a watan Nuwamba. Garin Olocuilta, wanda yake kan hanyar filin jirgi zuwa babban birni, ya shahara da pupusa ta ƙullun shinkafa, don haka ana iya tsayawa a can tun ranar sauka.

Ga Musulmi akwai abin lura sosai. Chicharrón naman alade ne, kuma pupusa da ake kira revuelta, wadda ita ce aka fi saye, tana ɗauke da shi. Ka nemi ta cuku zalla, wato queso, ko ta cuku da loroco, wani ɗan fure mai ƙamshi da suke ji da shi, ko ta cuku da kabewa, wato ayote. Ka haddace “sin cerdo”, ma'ana ban da alade, ka kuma tambaya ko an soya waken da manteca, domin wasu da kitsen alade suke soya shi. Soyayyen rogo ma yawanci da chicharrón ake haɗa shi, amma ana samun wanda ake barbaɗa wa ƙananan soyayyun kifi. Tunda yankan halal yana da wuyar samu, kifi da jatan lande da ƙwai da wake da ayaba za su riƙe ka lafiya lau. Ka ɗanɗani horchata ɗinsu, wadda ake yi da 'ya'yan itacen morro da riɗi da kirfa, da atol de elote, kunun ɗanyar masara mai zaƙi da ake sha da ɗumi. Idan ka wuce mutane suna cin abinci, ka ce musu “buen provecho”, kamar dai mu ce a ci lafiya. Suna jin daɗin wannan ƙwarai.

Musulmin ƙasar 'yan kaɗan ne, amma akwai masallaci a San Salvador inda ake sallar Juma'a, alƙibla kuma tana arewa maso gabas. Akwai zuriyar Falasɗinawa masu yawa da kakanninsu suka zo tun ƙarshen ƙarni na 19, galibinsu Kiristoci daga Baitalami. Shugaba Bukele daga cikin zuriyar nan yake, kuma mahaifinsa, marigayi Armando Bukele Kattán, ya musulunta har ya zama jagoran al'ummar Musulmin ƙasar.

Mataki na biyar: kwana biyu a San Salvador

Ka fara da tsohon gari. A kewayen dandali guda za ka ga Fadar Ƙasa, da Babban Cocin Katolika, da sabon ɗakin karatu na ƙasa da China ta gina aka buɗe a Nuwamban 2023, wanda ba ya rufewa dare da rana. A ƙarƙashin Babban Cocin akwai kabarin Akbishop Óscar Romero, mutumin da ba za a fahimci ƙasar nan ba sai an san shi. Shi ne ya riƙa karanta sunayen waɗanda aka kashe da waɗanda aka sace a huɗubarsa ta Lahadi da ake watsawa a rediyo, har ya kira sojoji da su daina harbin 'yan uwansu talakawa. Washegarin wannan kiran, ranar 24 ga Maris 1980, aka harbe shi yana tsakiyar ibada a wani ƙaramin coci na asibitin masu cutar daji. A 2018 Fafaroma Francis ya ayyana shi a matsayin waliyyi, kuma filin jirgin da ka sauka ma sunansa yake ɗauke da shi. Ko mene ne addininka, ka shiga da natsuwa da suturar kamala, domin za ka tarar da tsofaffi a durƙushe suna kuka.

Kusa da nan akwai cocin El Rosario, wanda daga waje kamar rumbun ajiyar jiragen sama yake, ƙaton bakan siminti mara ado, amma a ciki hasken rana yana ratsa gilasai masu launi ya zuba a ƙasa kamar bakan gizo. Da yammaci ya fi kyau. Daga nan ka je lambun Cuscatlán ka tsaya gaban doguwar katangar baƙin dutse da aka sassaƙa sunayen dubban fararen hula da yaƙin 1980 zuwa 1992 ya ci, yaƙin da aka ƙiyasta ya hallaka mutane 75,000. A jami'ar UCA kuma akwai lambun wardi a wurin da sojoji suka kashe limaman Katolika shida da mai yi musu aiki da 'yarta a Nuwamban 1989. Rana ta biyu ka ba gidan tarihi na David J. Guzmán safiyarka, domin zai shirya ka ga kufai da za ka gani gobe, sannan da rana ka hau El Boquerón, bakin dutsen da birnin yake kwance a gindinsa, wanda ya yi aman wutarsa na ƙarshe a 1917. A cikin birni Uber yana aiki kuma shi ya fi sauƙi ga wanda bai iya Sifaniyanci ba.

Mataki na shida: ƙauyen da toka ta adana

Idan wuri ɗaya tak za a ce in zaɓa a duk ƙasar, Joya de Cerén zan zaɓa, ko da yake babu dogon gini ko gunkin sarki a cikinsa. Ƙauyen manoma ne na mutanen Maya, 'yan asalin yankin, wanda dutsen Loma Caldera ya binne da toka wajen shekara ta 600 Miladiyya. A 1976 wata katafila da take share fili ta ci karo da bangonsa, masanin kufai Payson Sheets ya fara tono a 1978, UNESCO kuma ta sanya shi cikin kayan tarihin duniya a 1993. Ba a sami gawar kowa ba, alamar cewa mutanen sun sami damar gudu, amma sun bar komai yadda yake: tukwane da wake a ciki, tabarmin kwana da ba a kai ga shimfiɗawa ba, kwanukan da ba a wanke ba har da sawun yatsun wanda ya suɗe abinci, da wuƙaƙen baƙin dutse da aka soke a jinkar ɗaki don kada yara su kai gare su. Masu tono sun zuba farar ƙasa mai daskarewa a cikin ramukan da tsirrai suka bari a toka, sai ga siffar karan masara da saiwar rogo a kan kunyoyinsu. Duk wanda ya tashi a ƙauye zai gane ɗakin girki da rumbu da ɗakin kwana ba tare da an yi masa bayani ba. Wurin yana rufe ranar Litinin, kamar sauran kufan gwamnati, kuma ya dace a ɗauki ɗan jagora.

Kufan San Andrés suna kusa, Tazumal kuma yana garin Chalchuapa da dalarsa mai tsayin kusan mita 24. Ka kwana a Santa Ana, gari mai farin coci da tsohon gidan wasan kwaikwayo da kuɗin kofi ya gina.

Mataki na bakwai: hawan dutsen Santa Ana

Dutsen, wanda asalin sunansa Ilamatepec, yana da tsayin mita 2,381, kuma ya yi aman wuta a 2005. Ana hawansa da safe tare da ɗan jagora, tafiyar kusan awa biyu zuwa sama, don haka a isa da wuri da takalmi mai kama ƙasa, da ruwa, da rigar sanyi saboda iskar da take kaɗawa a ƙoli. A sama za ka leƙa rami ka ga tafki mai launin kore da shuɗi yana fitar da tururi da warin farar wuta, idan ka juya kuma ga tafkin Coatepeque a ƙasa, ga dutsen Izalco tsirara babu ko ciyawa. Izalco ya tsiro ne a 1770, ya yi kusan shekara 200 yana feshin wuta har matuƙan jiragen ruwa suka riƙa kiransa fitilar Pasifik. Wanda gwiwarsa ba za ta ɗauki hawan ba, ya tsaya a Cerro Verde, daga can ma ana ganin duwatsun biyu.

Mataki na takwas: hanyar furanni da abin da yake ƙarƙashin kofi

Ruta de las Flores hanya ce da ta ratsa garuruwa biyar na kan tsauni: Nahuizalco, Salcoatitán, Juayúa, Apaneca da Concepción de Ataco. Ka daidaita tafiyarka ta faɗo Asabar da Lahadi, domin a ranakun ne Juayúa take cika dandalinta da rumfunan abinci. Ataco ta shahara da zane-zanen bango da masaƙa, Nahuizalco kuma da saƙar kwanduna da tabarmi da kasuwar dare. Ka shiga gonar kofi guda ka ga yadda ake tsinko jajayen 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, a ɓare, a wanke, a shanya a fili ana juyawa da mayayi, kuma ka nemi irin Pacamara, wanda a ƙasar nan aka samar da shi a 1958.

Amma kada kyan wurin ya rufe maka ido. A 1881 da 1882 gwamnati ta soke mallakar gonakin gandu na al'ummomin asali domin a buɗe fili ga masu noman kofi, ƙasa ta taru a hannun 'yan tsirarun gidaje, masu ita kuma suka koma 'yan ƙodago a kanta. A Janairun 1932, bayan farashin kofi ya karye, manoman yankin suka yi bore, gwamnatin Janar Maximiliano Hernández Martínez kuma ta mayar da martani da kisan da ake kira La Matanza, inda aka hallaka mutane tsakanin 10,000 da 30,000 cikin 'yan makonni. Bayan haka mutane da yawa suka jefar da tufafinsu na gargajiya suka daina magana da harshen Nawat don tsira da rai, shi ya sa a yau masu jin harshen tun daga nono tsofaffi ne ƙalilan, ko da yake ana ƙoƙarin koya wa yara. Idan ka sayi kwando a hannun wata dattijuwa a Nahuizalco, kada ka matsa mata da ciniki.

Mataki na tara: Suchitoto da marina

Kafin kofi, baba ne arzikin ƙasar. A zamanin mulkin Sifaniya shunin da suke kira añil shi ne babban abin da ake fitarwa zuwa Turai, sai da Jamusawa suka ƙirƙiro shunin kanti a ƙarshen ƙarni na 19 kasuwarsa ta mutu. A Suchitoto, garin da yake da tituna na jeren duwatsu da farin cocin Santa Lucía, an farfaɗo da sana'ar, kuma akwai wuraren da baƙo zai ɗaure ƙyallensa da zare ya tsoma da kansa. Wanda ya san marinar Ƙofar Mata a Kano zai ji kamar yana gida: zane yana fitowa daga ruwan baba kore-kore, iska na bugunsa ya juye shuɗi a gaban idonka, a sake tsomawa sau da yawa har ya kai duhun da ake so. Bambancin shi ne su suna jiƙa ganyen a manyan kwatamai, su kaɗa ruwan har shunin ya kwanta, su shanya shi ya zama gari. Ka tafi da hoton karofi da na bugun shadda a wayarka ka nuna wa marinan can, hira za ta buɗe ko da ba ku jin harshen juna. A gefen garin akwai tafkin Suchitlán da ake yawo a kwalekwale don kallon tsuntsaye. Mai sauran lokaci ya ƙarasa arewa zuwa La Palma, inda mai zane Fernando Llort ya koya wa mutanen gari zane mai launuka a kan katako da 'ya'yan itace tun shekarun 1970, har ya zama sana'ar garin baki ɗaya.

Mataki na goma: teku, sannan gabas

Bakin tekun La Libertad bai kai tafiyar awa guda daga babban birni ba. Yashinsa baƙi ne saboda asalinsa daga duwatsun wuta yake, kuma El Tunco da El Sunzal da El Zonte sun zama matattarar masu hawan igiyar ruwa daga ko'ina a duniya. Igiyar tana da ƙarfin ja, saboda haka wanda bai ƙware a iyo ba kada ya wuce gwiwa. El Tunco wurin kiɗa da shaye-shaye ne a ƙarshen mako, mai iyali zai fi samun natsuwa a El Zonte ko El Cuco. Kwana ɗaya ya wadatar, a ci gasasshen kifi a kasuwar masunta ta La Libertad a wuce.

Kwana biyun ƙarshe na Morazán ne, a arewa maso gabas, tafiyar wajen awa huɗu daga San Salvador. A Perquín akwai gidan tarihin juyin juya hali, da makamai da tarkacen jirgi mai saukar ungulu da kayan gidan rediyon 'yan tawaye na Radio Venceremos, kuma da yawa daga masu zagayawa da baƙi tsofaffin mayaƙa ne. Kusa da nan ne ƙauyen El Mozote, inda a Disamban 1981 bataliyar Atlacatl ta sojojin gwamnati ta kashe mutane kusan 1,000 a ƙauyen da maƙwabtansa, wajen rabinsu yara. Wata mata mai suna Rufina Amaya ta ɓuya a cikin itatuwa ta tsira, kuma ita ce ta yi shekaru tana ba da shaida a lokacin da hukumomi suke musanta abin da ya faru. A gefen cocin ƙauyen akwai lambu da aka rubuta sunayen yaran da shekarunsu, wasu kwanaki kawai suka yi a duniya. Mutanen ƙauyen ne suke yi wa baƙi bayani, don haka ka nemi izini kafin ka ɗaga kyamara, ka rage murya, ka kuma ba da gudummawa ga masu kula da wurin. An sa hannu a yarjejeniyar sulhun da ta kawo ƙarshen yaƙin a fadar Chapultepec ta Meziko ranar 16 ga Janairu 1992.

Daga Morazán ka dawo ka kwana kusa da babban birni ko a bakin teku, kada ka dogara da doguwar hanya a ranar tashinka. Filin jirgin yana da nisan kilomita 40 da ɗoriya daga San Salvador, ana kuma so ka isa awa uku kafin tashi. Tsarabar da ta fi dacewa ita ce gasasshen kofi a rufaffiyar leda, da gyalen da ka rina da hannunka a Suchitoto, da 'yan zanen katako na La Palma, amma ka bar ɗanyun 'ya'yan itace da cuku, domin jami'an kwastan na ƙasashen da za ka yada zango za su iya ƙwace su.